Katin Auta

Shekara ashirin da biyu Dogo ya yi a gaban injin buga kwano. Ka ɗora faifan ƙarfe, ka taka, injin ya sauko ya matse, ka zare kwano. Haka daga safe har yamma, har ta kai ko abinci yake ci a gida sai ka ga ƙafarsa tana taka ƙasa ita kaɗai. Matarsa ta yi masa tsiya har ta gaji.

A masana'antar akwai wani abu da kowa ya sani amma ba a faɗa. In uzuri ya taso maka, ba ka neman izini, don a wurin nan mai yawan neman izini sallama yake nema. Sai ka ba wanda ke hutu katinka, ya shiga da shi, ya yi maka aikin ranar. Shugaban sashe ya sani sarai, amma muddin kwanuka na fitowa, ina ruwansa?

Wata Talata Dogo na hutu, sai ga ƙanin matarsa, wanda har yau ake kira Auta duk da 'ya'yansa huɗu. Shi ma a masana'antar yake aiki. 'Yarsa ce ba lafiya, zai kai ta asibiti.

"Yaya, ka rufa min asiri, yau kaɗai."

"Kai dai tun da na auri yayarka ban huta da kai ba," in ji Dogo, ya karɓi katin.

Injin Auta sabo ne, ya ɗan fi nasa saurin saukowa. Ɗan kaɗan ne fa, amma hannun da ya saba da tsohon inji bai san da haka ba. Kafin rana ta take, injin ya cinye yatsu huɗu da rabin tafin hannun Dogo na dama.

Da ya fito daga asibiti ya je ofishin kamfani. Wani mai tabarau ya juyo masa da takarda.

"Malam, a wurinmu ranar kana hutu. Wanda ya shigo aiki kuwa, ga shi can da hannunsa biyu lafiya lau."

Wata bakwai Dogo ya yi yana yawon ofis-ofis. Ya san bencin ko'ina, ya san wanda ke girgiɗi da wanda ƙusarsa ke kama riga. "Ka dawo mako mai zuwa" kuwa ya ji ta har ya daina jin haushi. A tsakanin nan ya koyi ɓalla maɓalli da hagu, albashin Auta kuma shi ke ciyar da gidajen biyu.

Daga ƙarshe ya dace da wata jami'a a ofishin ƙwadago da ta saurare shi har ya gama. Ta ce yana da hakkin magani da diyya, amma sai mai katin ya zo ya sa hannu cewa shi ya ba shi.

"Ba zan ɓoye maka ba, Baba," ta ce. "In ya sa hannu korarsa za su yi, kuma ba zan iya hanawa ba. Shari'ar ma tana iya kai shekara biyu."

Ranar da aka sa, Auta ya zo da sassafe cikin wankakkiyar riga. Ya zauna kusa da Dogo a benci.

"Zan shiga, Yaya. Wallahi zan faɗi gaskiya."

Dogo ya dube shi. Baki goma sha ɗaya ne ke jiran hannun mutumin nan. Ya ji tausayinsa, ya ji tausayin kansa, ya kuma ji gajiyar da barci ba ya maganinta.

Masinja ya leƙo ya kira su. Auta ya miƙe, Dogo ya riƙo rigarsa da hagu.

"Zo mu tafi."

"Yaya, hannunka fa?"

"Hannun ai ya riga ya tafi. Maza, kada ka makara aiki."