Tsoho da Allura a Layin Gwajin Mota

A harabar gwajin motoci ta garinmu a lardin Gunma, wani tsoho ya duƙa kan motar da ta girme ni. Allurar ɗinki ce a hannunsa, yana laluben ɗan ramin da ke fesa wa gilashi ruwa, wanda ya toshe. Motar da ba ta fesawa ba ta cin gwaji. Sau huɗu yana kuskuren ramin.

"Baba, kawo in soka maka," in ji ma'aikacin da ke duba motocin.

"Mota aka ce ka duba, ba ni ba."

Ina jin a gida akwai 'yarsa da ke jiran ya faɗi gwajin, ta karɓe makullin motar.

Tsohon ya shiga motar, ya danna maɓallin fesa ruwan. Waifa mai sharewa ta karci busasshen gilashi, ƙiii. Ya sake fitowa da allurarsa.