Maganar da ake ajiyewa sai wajen rakiya

A shekarun da gwamnatin Ingila ta tsuke bakin aljihu, har shayin ofis ya koma kowa ya zo da nasa, na'urar lezar sashenmu ta mutu. Ina Manchester a lokacin, ina digiri na uku a kan yadda hasken leza ke yanka gilashi, gwajin ƙarshe kawai ya rage mini. Jami'a ta ce babu gyara sai baɗi. Tallafin karatun da jiharmu ta ba ni kuwa bai san baɗi ba. In ban gama kafin ya ƙare ba, gida zan koma hannu rabbana, ni da aka yanka wa rago ranar tafiya.

Malamata, wata Baturiya mai magana kamar ana korarta, ta ce akwai taro a Birmingham na kamfanonin leza da madubai da masu bincike. "Ka je ka nemi mai irin na'urarmu, ka roƙi a bar ka ka yi aikinka a kanta."

Na sauka a unguwar Perry Barr ta Birmingham wajen wani abokina ɗan Kafanchan, ma'aikacin jinya. Muna cin tuwo ya ce, "Malam, mutanen nan ba su da time. Kana zama, straight to the point."

Na ce, "Ni za ka koya wa magana da manya? Ci tuwonka."

Ashe tsarin taron shi ne masu kamfani su zauna a tebura, mu masu bincike mu riƙa zagayawa. Bayan 'yan mintuna wata mata ta kaɗa ƙararrawa irin ta firamare, kowa ya matsa gaba. A teburin farko na gaida mutumin yadda aka koya mini. Na tambayi hanya, na tambayi gajiya da sanyi da aiki, ina shirin shiga iyali aka kaɗa ƙararrawa. A na biyu na cire tambayar sanyi, duk da haka ƙararrawar ta riga ni. Na harari matar nan har idona ya yi zafi, ko a jikinta.

Kada a ce ban gane ba, na gane sarai. Bakina ne ya ƙi. A wajenmu wanda ya buɗe baki da buƙata kafin gaisuwa ta nuna, sai a tambayi gidan da ya fito.

A teburin ƙarshe na tarar da wani dattijo mai ƙaramin kamfani a bayan gari, ga hoton ainihin na'urar da nake nema a gabansa. Na yi niyyar gaisuwa ɗaya tak, na ce, "Yaya iyali?"

Da Bahaushe ne, ko gidansa na cin wuta zai ce lafiya lau. Wannan bawan Allah sai ya cire tabarau ya amsa mini da gaske. Gwiwar matarsa ta ƙi, likitan unguwarsu yana ta yi musu jeka-ka-dawo, ƙaramar hukuma ta rufe laburaren da take zuwa, ga 'yarsu ta yi nisa. Yaya zan katse dattijo? Ina ta "sannu, Allah ya sawwaƙe" da Turancin da bai da waɗannan kalmomin, aka kaɗa ƙararrawa, taro ya tashi.

Na tsaya a bakin ƙofa kamar in yi kuka. Tsoro ne ya kama ni, da haushin kaina, da haushin ɗan Kafanchan da ya yi gaskiya.

Sai ga dattijon yana fama da kwali da jaka. Wallahi ba dabara na yi ba, hannuna ne ya kai kan kwalin da kansa, don ba a barin babba da kaya. Muka nufi wajen ajiye motoci, yana ta cewa zai iya, yana ƙara rungume jakarsa, yana waiwayen mai gadi. Ni kuwa rakiya nake yi, ba a kuma yin rabinta.

Da ya kama murfin mota sai na ji bakina ya saki, don nan ne wurin maganar. A gida ma sai baƙo ya sha ruwa, an yi hira, an taka masa har bakin hanya, sannan ya ce, "Af, na kusa mantawa." Haka na ce masa, na kwashe komai na faɗa.

Ya dube ni ya ce, "To me ya hana ka faɗa a ciki?"

Na ce, "A ciki ai gaisawa muke yi."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce ciniki ya ja baya, dole ta sa ya sallami mai yi masa gwaji, na'urar tana nan a lulluɓe. Shi ma neman ɗan jami'ar da zai yi masa aikin ne ya kawo shi taron, amma roƙo ya yi masa nauyi a baki. Ya ƙara da cewa duk taron nan ni kaɗai na tambayi matarsa.

A kamfaninsa na ƙarasa aikina, sunansa da nawa suka fito a takarda ɗaya. Al'adar kuma ta kama shi. Kullum da yamma sai ya taka mini zuwa tashar bas, ya jira sai ya hango bas ya taho, sannan ya ce, "Af, na kusa mantawa," ya ɗora mini aikin gobe. Sau da yawa na yi da-na-sanin koya masa.

Ranar da na gama ma ya rako ni. Bas ya taho, na juya ina jiran af ɗinsa. Ya zura hannuwa cikin aljihu ya ce, "Yau babu wata magana. Rako ka kawai na yi."

Na bar bas ɗin ya wuce.