Sai An Ce Ki Motsa

Akwai wani wari da laka ke yi idan ruwan fadama ya fara ja da baya, bayan an yanke gero. Sanyi-sanyi gare shi, da ɗan ƙarnin kifi. Jiya ɗiyata ta shigo gida da shi a ƙafafunta, daidai rana ta yi ja bisa katanga, sai warin ya doke ni. Na zauna ƙasa a gindin turmi. Uwar mijina ta dube ni ta ce, "Ke kuma mi ya same ki?" Na ce ba komi. Abin da na kasa gaya mata shi zan rubuta nan, da ɗan karatun da na samu a ajin yaƙi da jahilci. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, da hannu guda nake yi, gudan yana riƙe da zanen yarinya.

Garinmu yana tsakanin Wurno da Goronyo, bisa tudu. In ka tsaya bayan rumbuna kana hangen fadama har iyakar ganinka, Gulbin Rima kwance a tsakiya. Daura da mashayarmu akwai ɗan tsibirin yashi mai giginya guda. Da kaka ruwan wurin bai wuce gwiwa ba. Baba manomin albasa ne. Lokacin da nake ba ku labari mu biyu Inna ta haifa, Yaya da ni. Ina da kamar shekara shida, Yaya ta girme ni da uku.

Yaya ita ce ɗiyar fari, don haka tun yaye Kaka, uwar Baba, ta ɗauke ta. Gida guda muke, ɗaki ne daban. Inna ba ta faɗin sunan Yaya, ba ta dubanta gaban mutane, in anka yi zancenta sai ta sunkuyar da kai ko ta tashi. Alkunya ke nan, kuma da ita ake gane mace mai tarbiyya. Amma ni na san abin da mutane ba su sani ba. In Inna ta kankare ƙanzo, mai kaurin take warewa ta ɗora mini a hannu, ta ce a hankali, "Kai ma waccan ta ɗakin tsohuwa."

Yaya doguwa ce, mai dogon wuya, ba ta da surutu. In anka ce ta tsare shanya kada kaji su ci, tana nan zaune har sai an tuna an sallame ta. Kaka kan yi alfahari da wannan hali. Ni kuwa in anka ce mini in tsare, sai in bi fara.

Doka guda ce Kaka ba ta wasa da ita, dokar almuru. Da rana ta taɓa kan itatuwa sai a rufe randa, a kore kaji akurki, yara kowa ya shiga ɗaki. Ba a zubar da ruwan zafi, ba a zuwa gulbi. Takan ce yini namu ne, almuru kuwa na masu shi ne, kuma gindin giginyar tsibiri nan suke shimfiɗa tabarmarsu.

A kakar waccan shekara labari ya zo cewa akwai wani Bature da ke yawo da akwati mai ƙafa uku. Ba haraji ya kawo shi ba, ba allura ba. An ce ya kwana biyu Rabah yana ɗaukar hoton gulbi, ya zo Wurno ya hau tudu ya ɗauki tsohuwar ganuwa, kuma ba ya fitowa aiki sai la'asar sakaliya. Faɗuwar rana yake bi gari gari. Da Kaka ta ji sai ta ce, "To su can ƙasassu rana ba ta hwaɗuwa, sai sun zaka sun ga tamu?" Har Inna sai da ta yi dariya a bayan zane.

Ranar da ya iso garinmu Baba ba ya nan, ya kai kaya kasuwar Achida da jakai. Kaka tana gida da ciwon ƙafa. Mu kuwa muna mashaya ɗibar ruwan yamma, ni da Inna da Yaya da Goggo, ƙanwar Baba, da matan unguwa. Sai ga su sun gangaro, Bature da tafintansa da dogarin hakimi, rabin gari na biye. Ya kafa akwatin bisa gaɓa, ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya fito, ya dubi rana, ya koma. Jan mutum ne, hancinsa ya saɓule. Ban ga mugunta a fuskarsa ba, gaggawa kawai na gani, irin ta mai tuya da wuta ke shirin mutuwa.

Ya yi magana, tafinta ya ce Bature yana son mutum guda ya tsaya can gindin giginya da tulu a ka, don a gane girman wurin. Ya nuna Yaya da yatsa.

Dogari ya ce, "Wagga ɗiyar wa ta?"

Ina riƙe da zanen Inna, na ji jikinta ya ƙage. Goggo ce ta amsa tana dariya, "Ɗiyar tsohuwa ta. Ga wadda ta haihe ta nan, amma ba ta san ta ba." Matan sunka kwashe da dariya. Inna ta duƙa tana wanke tulun da ta riga ta wanke.

Dogari ya kama hannun Yaya sunka ratsa ruwa, tafinta na biye da wandonsa a naɗe. Sunka tsayar da ita tana fuskantar rana, bayanta gare mu. Daga gaɓa na ji muryar tafinta bisa ruwa: wai haske ya yi ƙaranci, akwatin yana daɗewa kafin ya kama, in ta girgiza hoton ya ɓaci. "Kada ki motsa, kada ki waiwaya, sai an ce ki motsa." Dogari ya ƙara nasa gishirin, ya ce, "In kinka motsa, ubanki gidan yari za shi kwana." Sunka dawo sunka bar ta.

Ba zan yi muku ƙarya ba, wurin ya yi kyau. Sama ta yi ja kamar an zuba manja, ruwa ya ɗauki jan duka, balbelu na wucewa layi layi. Ga giginya baƙa, ga Yaya baƙa ƙirin a gindinta, da tulu bisa dogon wuyan nan. Ni da aka haifa wurin ban taɓa tsayawa na dube shi ba sai ran nan.

Bature ya ɗauka, ya sake farantin gilashin da ke cikin akwatin, ya ƙara ɗauka. Can sai wani ya ce ga shanun Fulani suna ƙetarewa a mashigin arewa. Bature ya hango su cikin sauran jan hasken, ya sungumi akwatinsa ya ruga, tafinta da dogari da yara duk sunka bi shi. Ba a jima ba ladan ya kira magariba. Maza sunka nufi masallaci, mata sunka hau kora mu, kowace na jan nata, don almuru ya riske mu a gulbi.

Ni kaɗai na waiwaya. Tana nan tsaye.

Na ja zanen Inna na ce, "Inna, Yaya na can."

Goggo ta ji. Ta ce wa Inna, "Kin ji, ana yi miki zancen ɗiyarki." Matan sunka juyo suna jiran su ga abin da Inna za ta yi. Inna ta mintsine ni a kafaɗa, ta ce, "Ina ruwana da ita? Tana da masu ita." Goggo ta ce ai dogarin da ya kai ta shi ka ɗauko ta, aikinsa ne. Munka hau tudu.

A hanya Inna ta rage tafiya har matan sunka ɗan yi gaba, ta raɗa mini, "In mun shiga, tai ki gaya ma tsohuwa." Na je. Na iske Kaka bisa buzu ta tayar da salla, bayan salla ta ɗauki tasbaha, kuma ba a yi wa Kaka magana tana lazimi. Na tsaya, na tsaya, sai na ji ƙamshin miyar kuka. Na ce bari in ci in dawo. Wannan tuwon har yau yana nan tsaye a ƙirjina.

Kaka tana zaton Yaya na wurin matan gida. Inna tana zaton na faɗa an aika. Na ga ta je bakin zaure sau uku tana leƙe, ta dawo, don Goggo na zaune tsakar gida. Sai da Baba ya dawo wajen lisha, Kaka ta ƙwala kiran Yaya ta kawo masa ruwa. Ba amsa. Nan na fashe da kuka na faɗi.

Baba da ƙanensa sunka kunna kara sunka gangara. Ƙanen ne ya ba da labari daga baya, Baba bai taɓa faɗi ba. Sun iske ta yadda anka bar ta, tulu a ka, fuska yamma inda babu sauran komi sai duhu. Sauro ya rufe mata hannuwa da ƙafafu, ba ta kore ko guda ba. Da ta ji motsin ruwa ba ta juyo ba. Ta ce, "An ce in motsa?"

Baba ya ce, "An ce."

Sai da ya sauke tulun da kansa, don hannuwanta sun sandare.

Zazzaɓi ya kama ta kwana biyu bayan haka. Anka yi rubutu, anka yi hayaƙi, anka jiƙa saiwoyi. Wasu sunka ce masu giginya ne ta tsaya musu bisa tabarma. Wasu sunka ce akwatin ne ya kama kurwarta, Bature ya tafi da ita Goronyo. Wani malamin asibiti da na tambaya bayan na girma ya ce sauro ne da sanyin gulbi. Ni ban sani ba. Abin da na sani, cikin zafin ciwo in Kaka ta zo juya ta sai ta ƙanƙame jiki ta ce ba a ce ba tukuna. Ran kwana tara ta rasu da hantsi. Inna ba ta yi kuka gaban mutane ba, ba a yi wa ɗan fari. Gero ta zuba a turmi ta yi ta daka har ya zama gari, ta ci gaba da dakan garin.

Shekara ta bi shekara, anka yi mini aure nan Wurno. Ina da cikin fari mijina ya kai albasa Sakkwato, ya dawo da wani ɗan kati mai hoto da ya gani a kanti. Ya ce, "Ga garinku, na gane giginyar." Bai san komi ba, murna yake. Na karɓa. Ga gulbi, ga giginya, an shafa wa saman wani jan fenti da bai kai na ran nan ba. A gindin giginyar ga wani ɗan baƙin abu da bai fi ƙwayar wake ba, da tulu a ka.

Na ɓoye shi wata biyu kafin na kai wa Inna. Mu kaɗai a ɗaki. Ba ta taɓa riƙa hoto ba, sai da na gyara mata shi, na ɗora yatsanta a wurin. Ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Baya ta ba mu." Sai ta juya katin a hankali don ta ga fuskar. Babu komi a bayan sai fari da layi biyu na Turanci. Ta sake juyawa, ta kuma juyawa. Sa'annan ta kai katin kusa da bakinta ta faɗi sunan Yaya. Ran nan na fara jin sa a bakin Inna. Ba zan rubuta shi ba, nata ne.

Yanzu abubuwa sun sake. Mota na zuwa Wurno duk mako, har akwai mai hoto ɗan ƙasa da ke kafa akwatinsa ran kasuwa, 'yan mata na layi. Mijina yana son a ɗauki ɗiyarmu. Na ce to, amma da safe, tana duban akwatin, hannunta cikin nawa. Alkunya kuwa tana nan. Uwar mijina mutuniyar kirki ce, amma tana jin nauyin yadda nake goya ɗiyar fari a bainar jama'a, ta ce matan unguwa na zunɗe na. Na yi ƙoƙari in gyara. Na koyi cewa "waccan".

Watan jiya Inna ta zo mana kwana uku. Da yamma muna zaune ƙofar gida da uwar mijina da ƙawayenta ana ɓarar gyaɗa, rana ta yi ƙasa, sai na hango yarinyar ta bi awaki ta nufi gangaren fadama. Na buɗe baki, na dubi tsofaffin, na kasa kiran sunan. Na shiga neman wani yaro da zan aika.

Inna ba ta ɗaga kai daga gyaɗar ba. Ta ce, "Kira ta."

Na ce, "Inna, mutane."

Ta ce, "Da sunanta. Ki ɗaga murya."

Na miƙe na kira, har wani mai jaki ya tsaya. Can ƙasa yarinyar ta tsaya cik, jan rana a bayanta, ta juyo. Na ga fuskarta.