Alhaji Ilu, Wanda Ya Ja Remok da Baya a Ƙofar Feyaji

Ina ƙarƙashin kamyo, babbar motar kaya, a tashar Tasawa, hannuna duk baƙin mai, waya ta yi ƙara. Ƙanen maigidana ne. Ya ce Alhaji Ilu ya cika da hantsi, bayan jinyar kwana huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe kwance a wurin, na kasa fitowa.

Alhaji Ilu maigidana ne a tuƙi. Mutumin Maijirgi ne, kuma ban taɓa ganin dattijo mai ɗokin sabon abu kamarsa ba. Da ya dawo daga Abijan da wata ƴar na'ura da ake kira baj, tashar nan ba wanda ya huta. Ya tara mu yana bayani, hannu na tashi sama: ka kafa ta jikin gilashi, ka tunkari ƙofar feyaji, inda ake biyan kuɗin hanya, sai sandar ta ɗaga da kanta, ba tsayawa, ba neman canji. Biyu ya yanko, ɗaya ta kamyonsa, ɗaya ta ƙaramar motarsa. Ta ƙaramar har baduku ya kai wa, aka ɗinke ta da jar fata, mutane suka dinga rantsuwa laya ce. Shi ko dariya yake har da hawaye. Amma ya ja mana kunne: "Baj ba ta san mutum ba, mota ta sani. Kowace da tata."

Wannan magana ce na taka. Gab da babbar salla, Arɗo Bello, shugaban makiyayan da ke cin kasuwar Urafane, ya damƙa mana ragunan mutanensa mu kai Abijan. Alhaji ne ya tsaya mani aka ba ni kamyo na biyu mai jan remok, wato tirela, don Arɗo bai san ni ba. Alhaji ya ce in mun isa feyaji in bi layin masu biya da hannu. Ni kuwa, wallahi, so nake sandar nan ta ɗaga mani ko sau ɗaya. Na faki ido na ciro baj ɗin ƙaramar mota na sa aljihu.

Muka isa da rana tsaka. Alhaji ya wuce sumul. Na bi bayansa ina murmushi, na danna baj ga gilashi. Sanda ko gezau. Jar wuta ta kama, ma'aikaci ya zo ya ce na'ura ta ga ƙafafun motar sun fi na takardar baj yawa, kuma wannan layi ba ya karɓar kuɗin hannu, sai in koma baya. Baya kuwa motoci sun jeru, kowa na danna oda. Mashigar matsattsa, siminti dama da hagu. Na gwada, remok ta karkace ta yi gefe. Na sake, ta ƙara karkacewa. Kamyo in ya tsaya iska ta tsaya, ragunan suka fara haki, na leƙa na ga ɗaya ya durƙusa. Dukiyar talakawa ce, wani ragon shekara guda ana kiwonsa.

Sai ga Alhaji a guje, dattijo mai furfura, babbar riga a kafaɗa. Ya ga jar fatar a hannuna, ya wuce. Ya bi motocin baya ɗaya bayan ɗaya, da Faransancinsa na tasha da roƙo da barkwanci, har suka matsa. Ya hau, ya ce in matsa can. Kai, jama'a, ranar na ga tuƙi! Hannu ɗaya a sitiyari, ido a madubi, remok ta miƙe tana binsa kamar akuyar da ta san mai ita. Sau ɗaya tak ya ja, ko fenti bai goge ba. Direbobin da ke zaginmu suka koma tafi. Muka sami inuwa, muka yi ta yayyafa ruwa, ragon ya tashi. Ko ɗaya bai mutu ba.

Abin da ya ce mani kawai shi ne: "Mai jan remok da bayansa yake tunani, Sani." Da muka dawo, sati guda yana koya mani ja da baya a filin ƙwallo, yana tsokanata.

Shekaru nake ɗaukar ragunan Arɗo da wannan abu a cikina, ina tsoron ranar da zai ji ya janye amanarsa. A zaman makoki na gan shi ya zo tun daga ruga. Na durƙusa gabansa na faɗa mashi komi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce:

"Ai tun ranar da kuka dawo Alhaji ya gaya mani. Na ce a canza ka. Ya ce a'a, yanzu ne ka zama direba, in kuma ba kai ba, shi ma in nemi wani."

Nan kukan da ya ƙi zo mani a tasha ya zo.

Allah ya jiƙan Alhaji Ilu, ya yafe mashi kurakuransa, ya yalwata kabarinsa, ya buɗe mashi ƙofar Aljanna. Allah ya ba matarsa Hajiya da ɗiyansa haƙuri, ya raya abin da ya bari, ya tsaya masu yadda ya tsaya mani. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.