Shirin Injiniya Ya Share Sunayen Manoma, Ni Aka Sa Na Sa Hannu

Lokacin da abin ya faru ban cika shekara da gama sakandare ba. Ina aikin shigar da bayanai a wani ƙaramin ofis kusa da Sheda, inda ake yi wa manoma rajistar iri. Ni ce ƙarama a wurin, ba na musu da kowa. Yanzu ma da nake rubuto muku, wallahi haushina ya fi tsorona yawa.

Kwamfutar ofishin baƙin allo ce kawai, sai ka rubuta umarni ka danna Enta. Injiniyan da ya haɗa mana ita ya rubuta wani ɗan shiri na share hotunan da suka lalace. Shirin yakan tambayi sunan foldar da hotunan suke ciki, in ka rubuta sai ya liƙa sunan a ƙarshen hanyar babbar foldar da ke ɗauke da komai, ya shiga can ya share. Haka nake yi kowace Juma'a. Wata rana na kunna shi, ya yi tambayarsa, sai aka kira ni daga waje. Ina waiwayawa yatsana ya danna Enta, ban rubuta komai ba. Shirin bai gargaɗe ni ba, ya dai daɗe fiye da kullum. Da na duba, rajistar manoman Yangoji har zuwa Abaji babu ita, ga damina ta kusa, kuma rabon da a yi kwafi tun bara.

Ogan ofishinmu ya dinga ihu har mutanen titi suka leƙo. Injiniya ya zo yana kaɗa makullin mota, ya ce shirinsa ba ya kuskure, ko dai yarinyar nan ta rubuta umarnin sharewa da hannunta, ko wani ne ya aiko ta. Oga ya ce 'yan sanda za su sa in yi bayani. Aka kira babana daga gona, dattijo ya cire hula ya durƙusa wa mutumin da bai wuce sa'an ɗansa ba. A nan na yi kuskuren da ya fi na Enta muni: suka rubuta takarda cewa da gangan na yi, na sa hannu don kawai babana ya tashi.

Bayan kwana uku wata madam 'yar Filato, mai gyaran kwamfuta a ofishin da ke kusa da namu, ta gan ni ina kuka, ta ce in nuna mata. Ta fara duba jerin umarnin da aka rubuta a ranar, babu wani na sharewa daga gare ni. Sai ta buɗe shirin, ta cire umarnin sharewa, ta sa wanda zai nuna hanyar foldar kawai. A gaban oga da injiniya ta danna Enta ba ta rubuta komai ba. Hanyar babbar folda ta fito tsirara a allo. Ta ce tunda ba a ba shi suna ba, bai liƙa komai ba, sai ya ɗauki uwar foldar gaba ɗaya, kuma layi ɗaya tak ya isa ya hana hakan. Injiniya ya ce ai mai hankali ba ya danna Enta a banza. Madam ta tambaye shi ko shi yatsansa na ƙarfe ne da bai taɓa zamewa ba. Oga ya yi dariya, ya ce to magana ta wuce.

A wurinsu ta wuce. Injiniya yana nan yana aikinsa, ni aka ce in ɗan huta a gida, kuma takardar tana cikin durowar oga. Sau biyu na je karɓa, ana ce mini ya fita. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gidanmu sai in leƙa in ga ko 'yan sanda ne.

'Yan'uwana mata masu aiki a gaban kwamfuta, ku tambayi abin da kowane shiri zai yi in kun yi kuskure, kafin ku taɓa shi. Ku kuma masu rubuta shirin, ku tuna mutum ne zai zauna a gabansa. Kuma komai ihun da ake muku, kada ku sa hannu a kan laifin da ba ku fahimta ba. Gaskiyata ta fito a allo kowa ya gani, amma har yau abin da ke rubuce da sunana ƙarya ce.