Kuɗin Giya Ya Kai Inna Teku

Hamdiya mai kitso ta unguwar La Guillotière a Faransa, wallahi ba a yi mata wayo! Shekara biyu tana tari don ta shiga jirgin yawon teku daga Marseille, kuma ta rantse sai da Innarta, wadda ta zo daga Maradi, ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba.

A ajans, ofishin sayar da tikiti, wani saurayi ya haɗa mata ɗaki mai taga da forfe, wato kuɗin abin sha a dunƙule. Kuɗin mutum biyu suka fi ƙarfinta.

Ta ce, "Mine ne cikin forfen?"

"Giya, madam, iya shanki."

"Kai, dube ni da kyau! Ruwa da shayi ba kyauta ba ne wurin cin abinci?"

Ya amsa kyauta ne.

"To cire shi. Tagar ma cire, barci za mu yi. Rubuta ba mu cin alade, kifi muke so."

Kuɗi suka isa, har da canji.

Ranar tashi, Inna ta barbaɗa yajinta kan kifi, ta leƙa teku. "Hamdiya, wannan gulbin ina ƙarshensa?"

"Ci kifinki, Inna, kwana bakwai muna bisansa!"