Ƙafar Dama ta Mai-Shuri

Duk garejin babu mai tuna ainihin sunansa. Mai-Shuri ake ce masa, kuma da ƙafarsa ya sayi sunan. Tun yana saurayi yake tuƙa a-kori-kura, yana kwasar katako da kujerun haya da tarkacen masu tashi daga gida, amma bai taɓa yarda an ɗora wa tayarsa geji, wato ma'aunin iska, ba. Sai ya zagaya motar, hannu goye a baya, ya kai wa kowace taya shuri da ƙafar dama, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma, sannan ya yanke hukunci: wannan ta ƙoshi, wannan a ƙara mata, waccan munafuka ce, a sa mata ido.

Mai-Faci, wanda rumfarsa ke bakin garejin, tare suka yi furfura suna wannan faɗan.

"Ka bari in auna mana," in ji shi kullum. "Abin ba ya cizo."

"Geji ƙarfe ne," sai Mai-Shuri ya ce. "Ya taɓa ɗaukar kaya? Ya san gangara? Ni da motata mu muka san juna."

Maganar gaskiya, ƙafar nan tana ci tana faɗuwa. In ta dace, sai kowa ya ji labari har ya gaji. In kuwa taya ta fashe, to laifin titi ne, ko na masu yin tayar, ko bakin mutane. Kuma abin bai tsaya kan taya ba. Ya shuri katifa kafin ya saya, ya shuri ƙofar gidan haya kafin ya kama. Ranar da manemin 'yarsa Auta ya zo gaisuwa, sai da matarsa ta zauna tsakaninsu, don ta ga ƙafar ta soma motsi.

Autar nan ita ce 'yar gaban goshinsa. Shi ya koya mata tuƙi, da faɗa da tsawa, har ta iya fiye da yadda yake so ya amsa. Ita ce ta taɓa sayo masa geji mai kyau, mai kama da biro. Ya karɓa ya sa albarka, ya kuwa samo masa aiki nan take: gilashin ƙofar direba ya daɗe yana zamewa ƙasa, sai ya soke gejin a gefe ya tokare shi. Wani lokaci yakan zare shi ya sosa baya.

To amma tun bara ƙafar ta fara cin amanarsa. Da farko kamar tururuwa na yawo a tafin, daga baya tururuwar ma ta tafi, ya zama in ya taka ƙasa bai san ya taka ba. Likita ya ce ciwon suga ne, ya jero abubuwan da zai bari. Mai-Shuri ya dawo gida ya faɗi na shayi da zaƙi, ya haɗiye na ƙafar. Dalili kuwa a fili yake: ƙafar da ke shurin taya ita ce mai taka birki. Ranar da matarsa da Auta suka ji, ranar makulli zai bar aljihunsa, shi kuwa bai san wane ne shi ba in babu makullin nan. Tsoro yake ji ƙwarai, irin wanda bai taɓa ji a kan hanya ba. Saboda haka ya ci gaba da shurin don idon jama'a, yana karkata kai, yana yanke hukunci da ka.

Ana nan sai Auta ta tashi mayar da shagonta na ƙanƙara wata unguwa mai nisa. Manyan firiza gare ta, ba za su shiga bayan motar ba, sai aka ɗauko hayar tirela aka ƙulla. Da sassafe suka tsaya gaban rumfar Mai-Faci. Mai-Faci ya leƙa ya ga bayan motar ya durƙusa.

"Malam, yau fa ba irin ta kullum ba ce," ya ce. "Wuyan tirelar nan a kan tayoyin bayanka ya kwanta. Suna son ƙarin iska, kuma yanzu ake sawa tun suna da sanyi. Lambar tana nan jikin ƙofarka, ta tirelar kuma a jikin tayarta. In ka tafi haka, za su yi zafi, tirelar ta riƙa yi maka rawa."

"Baba, ka bari ya duba," in ji Auta.

Mai-Shuri ya zagaya, ya shura, ya karkata kai. "Sun ƙoshi."

"Sun ƙoshi da me?" in ji Mai-Faci. "Wannan ai kumatunta har ƙasa."

"Kai dai ka ji da facinka."

Suka kama hanya. Da rana ta ɗaga, suka hau babban titi, sai tirelar ta fara kaɗa wutsiya. Ta yi dama, ta yi hagu, firiza na gaisawa da juna a baya. Auta ta riƙe ƙofa gam. Mai-Shuri ya lallaɓa ya gangara gefe. Birkin ma da ido ya taka shi, sai da ya saci kallon ƙasa ya tabbata ƙafar tana inda ya aike ta.

Ya taɓa tayar baya, zafi kamar murfin tukunya. Nan ya tuno karatun tsofaffin direbobi, wanda ya fasa tayoyi ba adadi: in taya ta yi zafi, a rage mata iska.

"Iska ce ta yi yawa," ya ce. "Nemo mini tsinke in sace ta."

"Baba, ƙaranci ta yi. Shi ya sa ta yi zafin."

"Ni za ki koya wa? Tsaya ki ji."

Yana kallon fuskarta, don ta shaida, ya ɗaga ƙafa ya kai shuri iya ƙarfinsa. Ya ji girgizar a gwiwa har ƙugu, ya yi murmushin wanda ya ci shari'a.

"Kin gani? Tauri kamar dutse."

Auta ba tayar take kallo ba. Ya bi idonta. Ashe ƙafar ta kauce wa robar, ƙarfen wili ta samu. Farcen babban yatsa ya ɗage, jini ya cika silifa yana ɗiga kan kwalta, shi kuwa yana tsaye bai ji ko cizon sauro ba.

Ya jira tsawa, bai samu ba. Ta durƙusa, ta yage gefen ɗankwalinta ta ɗaure yatsan. Ta matse da ƙarfi tana kallonsa, ko ƙifta ido bai yi ba. Idonta ya ciko.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun bara."

Ta miƙe ta zare gejin daga ƙofa, gilashin ya sulale ƙasa da ƙara. Suka zauna a inuwar tirela har tayoyin suka huce, ta auna su ɗaya bayan ɗaya, ta karanta masa lambar jikin ƙofar da ya shekara da shekaru yana jingina da ita. Duk tayoyin yunwar iska suke ji. Akwai tsohon famfon ƙafa a bayan kujera, shi ya dage sai ya buga, da ƙafar hagu, yana haki yana zagin wanda ya ƙera famfon.

Da suka gama, bai jira ta tambaya ba. Ya ciro makullin, ya juya shi a hannu, ya miƙa mata.

"Kada Mai-Faci ya ji wannan."

"Inna fa?"

"Ita da ta ga silifa ta gama sani."

Ya zagaya ta ɗaya ƙofar, wadda bai ma san hannunta na cijewa ba sai yau. Tirelar ta bi su tiryan-tiryan, ba rawa ba gardama, abin da ya ƙara ba shi haushi. Ya yi ta faɗa dai: ki rage wuta, ki ba wancan hanya, wa ya koya miki tuƙi haka? Auta tana cewa to, Baba. Da suka doso gangara, ta ga ƙafar nan mai ɗaurin ɗankwali ta miƙe tana danna dandamalin mota iya ƙarfinta, a wurin da babu birki. Shi bai san ƙafar tana yi ba.